Dayis ɗin Cikin Na'ura: Yadda Ake Sa wa Sa'a Linzami a Wasannin Gem

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan lido a Bauchi, a gindin dalbejiya ne cikin Jahun ko a bayan wani shago a Wunti, ya san in siki ya ƙi fitowa ba wanda ke tuhumar dayis. Sai dai a ce yau ba ranarka ba ce, a yi maka dariya, a miƙa wa na gaba kofi. Amma tun da lido ya koma cikin waya magana ta canja. Yanzu in mutum ya jefa sau takwas bai ga siki ba, abokin karawarsa kuwa ya samu biyu a jere, abin da za ka ji shi ne, "Wallahi gem ɗin nan saita shi aka yi." Haka ma a shagunan gem na Yelwa da Gwallameji, inda ɗalibai ke kashe yamma a kan ƙwallo: a ci mutum a minti na 90, ya ajiye fad ya rantse cewa na'ura ta gama yanke hukunci tun kafin a take wasa.

Zargin nan yana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta inda ake zato ba. Akwai wasanni da yawa da ake murɗa dayis ɗinsu da gangan. Amma yawancin murɗawar don a taimaki mai wasa ake yin ta, dayis ɗin da aka bari a kan gaskiyarsa kuwa shi ya fi shan zagi. Inda wannan sana'a ta fi fitowa fili shi ne a wasannin da ake kira RPG, waɗanda mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya bi labari, ya yi faɗa, ya tara makamai, ƙarfinsa na ƙaruwa sannu a hankali. Ba su ne suka cika shagunan gem na Bauchi ba, ƙwallo da harbe-harbe sun fi su kasuwa. Amma a cikinsu aka fi ƙwarewa kan dabarun da yau ke cikin kusan kowane gem da ke wayar matashi.

Tushen abin a kan tebur yake, ba a kwamfuta ba. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi da takarda da fensir da dayis iri-iri. Wanda ya fi shahara a ciki shi ne mai fuska 20. Ga yadda yake aiki a tsarin yanzu. Jaruminka zai kai wa dodo sara. Sulken dodon yana da lamba, a ce 15. Ƙwarewar jaruminka tana ƙara masa 5. Sai ka jefa dayis, ka haɗa abin da ya fito da 5 ɗin nan. In jimillar ta kai 15, sara ya shiga. Ke nan kana buƙatar 10 ko sama da haka. Daga 10 zuwa 20 fuska 11 ce cikin 20, wato kashi 55 cikin ɗari. Kowace fuska kashi 5 ce, shi ya sa zoben da ke ƙara maka 1 kacal ake rububinsa: ya matsar da kai daga 55 zuwa 60 a kowane sara har ƙarshen labari. Lokacin da aka fara kwaikwayon wannan wasa a kwamfuta, lissafin aka kwashe gaba ɗaya aka ɓoye a bayan hoto. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, ya ma dawo da dayis ɗin fili, kana ganin sa yana mirginawa a allo kafin a ce ka shawo kan mai gadin ƙofa ko ya kore ka.

Tun a kan tebur ɗin ana iya lanƙwasa sa'a ba tare da an cuci kowa ba. 'Yan lidon da ke jefa dayis biyu sun san wannan a aikace, ko da ba su taɓa lissafawa ba: 7 ta fi kowace jimilla fitowa. Dalili kuwa hanya shida ce ke kai wa ga 7 cikin 36, alhali siki biyu hanya ɗaya tak gare shi. Mai tsara wasa yana amfani da wannan. In yana son makami mai tabbas, sai ya ce ɓarnarsa dayis biyu ce masu fuska shida-shida, sakamakon ya riƙa taruwa a tsakiya. In yana son makamin ɗan ganganci, sai ya ba shi dayis ɗaya mai fuska 12, inda 1 da 12 da 7 duk daidai suke. A Dungeons & Dragons haka aka raba tsakanin babban takobi da babban gatari: matsakaicinsu 7 da 6.5, kusan ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Akwai kuma dokar fifiko, wadda ke ba ka damar jefa mai fuska 20 sau biyu ka ɗauki mafi girma. Abin da da rabi da rabi ne sai ya koma kashi 75.

To, ita kwamfuta ba ta da dayis, ba ta da kofi, ba ta da hannu mai rawa. Na'ura ce da in ka ba ta tambaya ɗaya sau dubu, amsa ɗaya za ta ba ka sau dubu. Yaya za ta yi kacici-kacici da kanta? Ba ta yi. Abin da take yi shi ne lissafin da sakamakonsa ke kama da hargitsi. Ga ƙaramin misali da kowa zai iya gwadawa a bayan littafi. Ɗauki lamba 7. Ninka ta sau 5, ƙara 3, raba da 16, ka riƙe ragowar kawai. Ka samu 38, ragowarsa 6. Maimaita da 6: 33, ragowa 1. Ci gaba, za ka ga 8, 11, 10, 5, 12, 15, 14, 9, 0, 3, 2, 13, 4, sannan 7 ta dawo, layin ya sake farawa. Wanda bai san dabarar ba zai ga lambobi ne kawai suna tsalle-tsalle. Wanda ya san ta kuwa zai gaya maka ta goma tun kafin a kai ta biyu.

Wannan hanya masanin lissafi D. H. Lehmer ne ya kawo ta a 1949, kuma wasanni da yawa sun rayu a kanta, da manyan lambobi maimakon 5 da 16. Wasannin Pokémon na zamanin Game Boy Advance suna amfani da irinta, layinsu sai ya wuce lamba biliyan 4 kafin ya zagayo. A 1997 wasu Japanawa biyu, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka fito da Mersenne Twister, wanda tsawon layinsa ya fi ƙarfin a rubuta a wannan shafi. A ɗaya gefen kuma Doom na 1993 bai ma wahalar da kansa da lissafi ba. Jerin lambobi 256 aka rubuta masa, duk lokacin da ake buƙatar sa'a sai ya ɗauki ta gaba, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Miliyoyin mutane sun yi wasan ba su lura ba.

Lambar da aka fara da ita, 7 a misalinmu, ita ake kira iri, kuma komai a kanta ya rataya. Yawanci daga agogon na'ura ake ɗauko ta, don kada yau ta zama kamar jiya. In aka yi sakaci a nan sai asiri ya tonu. A Pokémon Emerald irin kullum sifiri ne duk lokacin da aka kunna wasan, don haka masu naci suka gano cewa in ka danna maɓalli a daidai wani lokaci bayan kunnawa, dabbar da kake so za ka samu, da irin ƙarfin da kake so. Wani lokaci kuma da gangan ake kulle irin. Akwai tsohuwar dabara ta 'yan gem: ka ajiye wasa kafin harbi mai haɗari, in ka kuskure ka koma baya ka sake. Masu XCOM: Enemy Unknown na 2012 suka toshe wannan ƙofa ta hanyar ajiye irin tare da wasan. Ka koma baya sau ɗari, in dai abu ɗaya ka maimaita a tsari ɗaya, kuskuren nan yana nan yana jiran ka, domin lambar da ke gaba a layi ba ta canja ba. Sai dai ka sa wani sojan ya fara harbi ya cinye mummunar lambar.

Daga lamba zuwa hukunci abu ne mai sauƙi. In allo ya ce kashi 75, na'ura ta zaro lamba daga 0 zuwa 99. In ta gaza 75 ka samu, in ba haka ba ka rasa. Ko a nan ana yin tuntuɓe. A Pokémon na farko, na 1996, lambar daga 0 zuwa 255 take, kuma saboda yadda aka rubuta kwatancen, harin da aka ce ba ya kuskure yana kuskurewa sau ɗaya cikin 256.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A ce komai an yi shi daidai, lambobin sun watsu yadda ya kamata, ba a karkata ko'ina ba. Mai wasa zai gamsu? Ko kusa. Ɗauki lido mai dayis ɗaya, irin na Ludo King. Yiwuwar siki ɗaya ce cikin shida. Yiwuwar ka jefa sau goma a jere ba ka gan shi ba kashi 16 ce cikin ɗari. Wato cikin mutum shida da suka fara wasa, kusan ɗaya zai zauna a gida har zagaye goma yana kallon 'yan uwansa suna tafiya, ba tare da kowa ya yi masa komai ba. Ɗauki harbin da aka ce kashi 95 ne. Mutum yana karanta 95 kamar an ce tabbas. Amma in ya yi irin wannan harbi sau 20, yiwuwar ya kuskure aƙalla ɗaya kashi 64 ce. Ko sara mai kashi 75: kuskure uku a jere sau ɗaya ne cikin 64, abin kamar ba zai faru ba, amma a dare ɗaya mai wasa zai iya kai sara 200, kuma a cikin 200 abin da ake sa rai shi ne a ga irin wannan jeri kamar sau biyu.

Zuciyar ɗan Adam ba ta yarda da wannan. Tana ganin in an rasa sau uku, to ana bin dayis bashi, na huɗu dole ya biya. Dayis kuwa ba ya tuna komai. Ana ba da labarin gidan cacar Monte Carlo a 1913, inda ƙwallon ta faɗa baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa ai yanzu lokacinsa ya yi. Ga kuma son kai na tunani: siki ukun da ka samu makon jiya ka manta da su, ai ƙwarewarka ce, amma ukun da abokin karawarka ya samu har gobe kana ba da labari.

Masu ƙera wasanni sun daɗe da gane cewa ba za su ci wannan gardama ba. Sid Meier, mai wasan Civilization, ya ba da labari a taron masu ƙera gem na 2010 a San Francisco. Masu gwada masa wasa sukan zo da ƙorafi: allo ya nuna ƙarfina uku ne a kan ɗaya, yaya aka yi na faɗi? Ya yi musu bayani cewa uku da ɗaya na nufin za ka faɗi sau ɗaya cikin huɗu. Ba su karɓa ba. Amma in su ne masu ɗaya suka kayar da mai uku, ba wanda ya ga aibu. Daga ƙarshe lissafin ya gyara, ba mutanen ba, har ya sa wasan ya riƙa la'akari da faɗan da ya gabata don kada mutum ya sha kaye biyu a jere a inda yake ganin shi ke da rinjaye.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Fire Emblem, wasan Nintendo. Daga fitowar 2002 har zuwa Awakening na 2012, lambar da ake nuna maka a allo ba ita ce gaskiya ba. Maimakon lamba ɗaya, na'ura tana zaro biyu, ta ɗauki matsakaicinsu, shi take kwatantawa da abin da aka rubuta. Ka tuna yadda 7 ke rinjaye a dayis biyu? Haka matsakaicin lamba biyu ke taruwa kusa da 50. Sakamakon shi ne duk abin da ya haura rabi ya fi yadda aka rubuta tabbas, duk abin da ya gaza rabi ya fi yadda aka rubuta wuya. In allo ya ce 80, gaskiyar kusan 92 ce. In ya ce 90, kusan 98 ce. In ya ce 20, kamar 8 ce. Kuma da yake jaruman mai wasa su ne galibi ke da manyan lambobi, abokan gaba kuma ƙanana, ribar ta gefensa take faɗowa. An gina dayis ɗin da ke aiki yadda zuciya ke zaton dayis yana aiki: 80 ta zama "kusan kullum", 20 ta zama "da ƙyar".

Ni dai ina da ja a kan wannan, duk da burge ni da ya yi. Yaron da ya shekara yana ganin 80 tana cika masa alkawari sau tara cikin goma, an koya masa karatun lamba na ƙarya. Ranar da ya koma wasan da 80 ɗinsa 80 ce, shi zai fara ihun an cuce shi. Kuma ba a gem kaɗai ake rubuta wa mutum kashi kaza cikin ɗari ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan tsabta, domin ba ta taɓa matsakaici, jeri kawai take karyawa. Warcraft III na 2002 ya yi amfani da ita, Dota 2 kuma ya gaje ta. A ce takobinka yana da kashi 25 na yin mugun sara. Maimakon a ba ka 25 kowane lokaci, saran farko kashi 8.5 ne kawai. In bai fito ba, na biyu ya zama 17, na uku 25.5, haka yake hawa har ya fito, sannan a koma 8.5. In ka lissafa dogon zango, sau ɗaya cikin huɗu ne daidai, kamar yadda aka rubuta. Amma mugun sara biyu a jere ya yi wuya, kuma ba zai yiwu ka wuce sara 12 ba ka samu ba. A nan dayis ya fara tunawa, bashin da zuciya ke ƙirƙira ya zama bashi na gaske. Gwanaye kuma suka mayar da shi makami: su yi ta saran ƙananan dodanni har su ga an daɗe bai fito ba, sannan su afka wa babban abokin gaba da takobi cike.

Wata hanyar kuma ta jaka ce, kuma duk matar da ta taɓa shiga adashi ta san ta. In ku goma ne kuka yi ƙuri'ar wa zai fara kwasa, ba wadda ta san ko ita ce ta farko ko ta tara, amma kowa ta san kafin zagaye ya ƙare za ta kwasa, kuma ba mai kwasa sau biyu. Tetris na zamani haka yake raba tubalansa: a zuba nau'o'insu bakwai a jaka, a girgiza, a fito da su ɗaya-ɗaya har su ƙare, sannan a sake cikawa. Shi ya sa dogon tubalin nan ba ya ɓacewa na tsawon lokaci kamar a tsofaffin fitowa. Path of Exile, wani RPG na ƙasar New Zealand, ya yi makamancin haka da kauce wa hari. Yana riƙe da wani ƙidaya a ɓoye, duk harin da aka kawo maka sai a ƙara masa yiwuwar samun ka, in ya kai 100 an same ka, a cire 100 a ci gaba. Wanda ke kauce wa rabin hare-hare zai ga ɗaya ya shiga ɗaya ya wuce, ba zai mutu don an yi rashin sa'a biyar a jere ba.

Baldur's Gate 3 ya sa nasa a fili cikin saituna, da sunan Karmic Dice. A kunne yake zuwa, aikinsa rage jerin faɗuwa, wanda bai so ba ya kashe. Sai dai alherin bai tsaya kan mai wasa ba, abokan gaba ma suna ci, don haka wanda ya kashe dukiyarsa wajen tara sulke yakan ga ana samun sa fiye da yadda lissafi ya nuna. XCOM 2 na 2016 kuwa a ɓoye ya yi nasa: a matakan sauƙi, in ka kuskure harbin da ya kamata ka samu, ana ƙara maka wani abu a na gaba ba tare da an nuna a allo ba. A mataki mafi wuya ne aka cire tallafin. Wasan da ya fi kowanne suna wajen "cuta" ke nan, alhali in ya karkata, wajenka yake karkata.

To lidon waya fa, da ƙwallon shagon gem? Jerin rashin sa'a shi kaɗai ba hujja ba ne, mun ga dalili. Mai son ya gwada sai ya ɗauki biro ya rubuta jifa 600. Kowace fuska ana sa ran ta fito kusan sau 100, kuma ko dayis na gaskiya yakan yi yawo tsakanin 82 da 118. In siki ya fito sau 60, akwai magana. Amma a lura, wannan gwaji cutar gidadanci kawai yake kamawa. Mai wayo zai iya barin jimilla daidai ya karkatar da lokacin da kowace lamba ke fitowa, don haka sai an rubuta har da halin da ake ciki a kowace jifa. Game da ƙwallo, an taɓa kai EA, mai wasan ƙwallon FIFA, ƙara a Kalifoniya a 2020 kan zargin tana sauya wahalar wasa a ɓoye don a sayi 'yan wasa. A 2021 masu ƙarar suka janye bayan kamfanin ya buɗe musu bayanan injiniyoyinsa. Hakan bai hana kowa ajiye fad cikin fushi ba.

Wani abin sha'awa a gefe: kakan lido, wato pachisi na Indiya, da wuri ake jefa shi, a ƙirga nawa suka kife nawa suka buɗe baki, kamar yadda 'yan cacar ƙasar Hausa suke zuba wuri a da. Sai da Turawan Ingila suka mayar da shi Ludo a 1896 dayis mai fuska shida ya samu gindin zama a cikinsa.

Ambaton caca ya kawo mu inda wannan ilimi ya daina zama na nishaɗi kawai. Yawancin dabarun da muka lissafa an ƙirƙire su ne a wasannin da ka saya sau ɗaya, inda burin mai ƙerawa shi ne kada ka yi fushi ka ajiye. Amma gem ɗin waya kyauta ake sauke shi, kuɗin a wajen jifa ake karɓa. Akwatin sa'a na Free Fire, fakitin 'yan wasa na eFootball, duk dayis ne da ake biya kafin a jefa. Genshin Impact, RPG ɗin kamfanin miHoYo na ƙasar Sin da ya fito a 2020, shi ne misali mafi bayyana domin ya wallafa lambobinsa. Yiwuwar samun jarumi mai tauraro biyar a jifa ɗaya kashi 0.6 ce cikin ɗari. Da a haka aka bar shi, cikin mutum 100 da suka jefa sau 90, kusan 58 za su tashi hannu rabbana, kuma da yawansu ba za su dawo ba. Sai aka sa abin da 'yan wasan ke kira tausayi: in ka kai jifa 90 ba ka samu ba, dole a ba ka. Masu tattara alƙaluma kuma sun gano cewa tun daga wajen jifa ta 74 yiwuwar ke fara hawa da sauri. Amma ko ka samu, kusan rabi da rabi ne ya zama wanda ake talla. In ba shi ba ne, na gaba tabbas shi ne. Ke nan mafi munin hali jifa 180.

Dabarar Warcraft ce dai, dayis mai tunawa, amma dubi aikin da take yi a nan. Wanda ya kai jifa 60 ba zai iya tsayawa ba, domin a wannan karon da gaske ne ana bin na'ura bashi, kuma jarumin da ake talla makonni kaɗan zai yi a sauke shi. Kowace jifa duwatsu 160 ce na cikin wasan, 180 kuwa 28,800. Ana tara wasu kyauta ta hanyar wasa, amma wanda zai saye su duka da kuɗi a farashin Amurka zai kashe sama da dala 300. Mai karatu ya juya ta zuwa naira da kansa. Ba a banza ake sa kuɗi ya bi ta lu'ulu'u, lu'ulu'u ya koma dutse, dutse ya koma tikiti ba. Kafin a kai jifa, lissafin naira ya ɓace.

Hukumomi sun fara sa ido. Ƙasar Sin ta wajabta bayyana yiwuwar abin da ke cikin irin waɗannan akwatuna a 2017, Apple ya sa wannan sharaɗi a shagonsa a ƙarshen shekarar, Google ya bi a 2019. Shi ya sa a yawancin wasannin nan akwai wani ɗan maɓalli a lungu da ke nuna alƙaluman, wanda kusan ba mai dannawa. Beljiyam ta ayyana akwatunan da ake saya da kuɗi a matsayin caca a 2018, har EA ta daina sayar da makin FIFA a can a farkon 2019. A Janairun 2025 kamfanin da ke rarraba Genshin Impact ya amince ya biya dala miliyan 20 a Amurka, ya kuma daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatunan ba da izinin iyaye ba.

A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa kula da caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Bauchi kuwa jiha ce da ke aiki da shari'ar Musulunci tun 2001, kuma haramcin caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba abin da ake gardama a kai ba ne. Abin da ya rage wa malamai da masu doka shi ne su dubi wannan sabon abu da kyau, domin bai yi kama da shagon caca ba. Ba allo a ƙofa, ba takardar da ake yagewa, ba a cin kuɗi a fito da su. Yaro ne a ɗaki da wayar yayansa, ya je wajen mai POS ya tura dubu biyar ga wani dillalin lu'ulu'u a WhatsApp, ya dawo ya danna sau goma. Mai fatawa zai buƙaci sanin ko abin da aka biya dominsa sananne ne ko ba a san shi ba, kuma tsarin tausayi ya rikita amsar: jifa ɗaya ba a san me za ta kawo ba, amma jifa 180 an san farashinta kuma an san kayanta.